Ƙidayar Ƙananan Dabbobin Dawa Masu Cin Nama a Ƙasar Kano: Hanyoyin Bincike da Matsalar Suna

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci namun daji a ƙasar Hausa, abin da yakan fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne zaki da giwa da damisa da kura, domin su ne suka cika tatsuniya da kirari da karin magana. Amma a ƙarƙashin waɗannan manya akwai wani rukuni na dabbobi masu cin nama waɗanda jikinsu bai kai ya kawo ba, irin su tunku da inyawara da bodari da yanyawa da dage. Galibinsu da dare suke fita, kuma su ne suka fi jure zama kusa da mutum bayan manyan sun ƙaurace. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masana ilmin dabbobi ke ƙidaya waɗannan halittu, tare da nuna inda aikin nasu ya dogara ga harshe. An ɗauki yanki guda a matsayin misali, watau daga dajin Falgore a kudancin Jihar Kano, a biyo ruwa har zuwa unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa da Bompai. Za a ga cewa mai binciken da bai tantance sunayen Hausa ba yakan ƙidaya dabba biyar a matsayin ɗaya, ko kuwa ɗaya a matsayin biyu.

2.0 Dabbobin da Sunayensu

Masana sun kasa waɗannan dabbobi dangi-dangi bisa ga ƙirar haƙori da ƙoƙon kai da ƙafa. Na farko shi ne dangin kare, inda ake samun dila da yanyawa. Na biyu dangin kyanwa, wanda kyanwar daji take ciki. Na uku dangin tunku, masu dogon jiki da gajerun ƙafafu da dogayen farata na tono. Na huɗu ya ƙunshi inyawara da tunkun juda, masu dabbare-dabbare a jiki. Na biyar kuwa ya haɗa dage da bodari da karen ruwa, waɗanda a ido ba su yi kama da juna ba, amma asalinsu ɗaya.

Bahaushe bai jahilci ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya kira dila malamin daji saboda wayonsa. Ya san bodari da warin da yake fesa wa abokin gaba, har "tusar bodari" ta zama abin misali. Ya san dage da kaurin fata da rashin tsoro da fasa amya don neman zuma. Ya san muzuru da ɓarna a akurki, shi ya sa ake cewa "ana muzuru ana shaho". Sai dai kuma rabon da Bahaushe ya yi musu ya ginu ne bisa hali da amfani da ɓarna, alhali rabon masana ya ginu bisa asali. Kowane rabo daidai yake a muhallinsa. Rikici yana tasowa ne a lokacin da aka ɗora wani bisa wani ba tare da lura ba.

Manyan littattafan da mai bincike zai fara dubawa guda huɗu ne. Ta fuskar harshe akwai ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949. Ta fuskar dabbobi akwai littafin D. R. Rosevear na 1974 a kan masu cin nama na Afirka ta Yamma, da na D. C. D. Happold na 1987 a kan dabbobi masu shayarwa na Nijeriya. Abin sha'awa a nan shi ne, akwai wani irin inyawara da masanin nan Bajamushe, Paul Matschie, ya bayyana a 1902 da sunan Genetta thierryi, wadda a littattafan Turai ake kiranta inyawarar Hausa. Ana samun ta daga Senegal har zuwa Kamaru. Ashe ke nan akwai dabbar da duniya ta sani da sunan Hausawa, alhali a bakin Hausawa kalma ɗaya ce take ɗauke da ita tare da 'yan'uwanta.

3.0 Fagen Bincike

Dajin Falgore ya fara ne a matsayin gandun daji na Kogin Kano a shekarun 1940, sa'an nan aka mai da shi wurin kare namun daji a shekarun 1960. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,000, kuma ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Kogin Kano ya ratsa ta cikinsa kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Daga can ya gangaro ya haɗu da kogin Challawa a kudu da birnin Kano, su biyun suka zama kogin Haɗeja. Shi ma kogin Challawa an datse shi a 1992.

A bakin wannan kogi na biyu ne unguwar masana'antu ta Challawa take, a yankin Kumbotso. Sharaɗa tana tsakaninta da birni, kuma ruwan da ke fita daga cikinta yakan bi rafin Salanta ya faɗa Challawa. Bompai, wadda ita ce mafi daɗewa tun zamanin Turawa, tana gabas da birni, ruwanta kuwa yakan bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Daga cikin sana'o'in da suka yi fice a waɗannan unguwanni akwai jimar fatu ta zamani, wadda take amfani da sinadarin kuromiyam a maimakon bagaruwar da majeman gargajiya na Ƙofar Wambai suka saba da ita.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa dabbar dawa da unguwar masana'antu? Amsar ta kasu uku. Da farko, inda duk aka tara hatsi da gyaɗa da shara, ɓera da gafiya sukan yawaita, masu cinsu kuwa sukan biyo su. A birnin Durban na Afirka ta Kudu an tabbatar da inyawara tana zaune a rufin gidajen mutane. Na biyu, masana'antun da suka rufe ciyawa ta rufe harabarsu, da magudanan ruwa da kwalbatoci, duk maɓoya ce ga dabbar da ke fita da dare. Na uku, kuma mafi muhimmanci, bakin kogi hanya ce da take haɗa daji da gari. Dabbar da ke cin kifi da ƙaguwa da kwaɗi, irin karen ruwa da tunkun fadama, ita ce ƙarshen layin abinci, saboda haka wasu nau'o'in gubar da ke shiga ruwa a jikinta sukan taru. A Ingila karen ruwa ya kusan ƙarewa daga shekarun 1950 zuwa na 1970 sakamakon magungunan kashe ƙwari da suka malala cikin koguna. Bayan an hana amfani da su ya farfaɗo, har a 2011 aka tabbatar da shi a kowace gunduma ta ƙasar. Bisa ga haka, ƙidayar da aka yi a Falgore kaɗai rabin labari ce. Sai an kwatanta ta da ta bakin Challawa da Salanta da Getsi sa'an nan za a gane abin da mutum ya yi wa ƙasar.

4.0 Hanyoyin Ƙidaya

Ba a ƙidaya waɗannan dabbobi yadda ake ƙidaya shanu a lokacin jangali. Abin da ake tarawa shi ne shaida, daga shaidar kuma a yi ƙiyasi. Hanyoyin da aka fi bi guda huɗu ne.

4.1 Sawu da Kashi

Wannan ita ce hanya mafi tsufa, kuma maharba sun riga masana saninta. Akan share wuri a kan turbar dabbobi ko a bakin mashaya, a shimfiɗa lallausan yashi da yamma, a dawo da sassafe a karanta abin da dare ya rubuta. Sawun kyanwar daji ba ya nuna farata, domin takan janye su idan tana tafiya. Na dila da yanyawa yana nuna su, kuma ya fi tsawo bisa faɗi. Na dage ana gane shi da dogayen faratan ƙafar gaba. Shi kuwa tunkun juda yana da wata al'ada da take sauƙaƙa wa mai bincike aiki, watau yakan zaɓi wuri guda ya riƙa yin kashi a can kullum har ya taru. A cikin kashin akan sami ƙwallayen 'ya'yan itatuwa da ɓawon ƙadandoniya da gashin ɓera, waɗanda ke nuna abin da yake ci da kuma itatuwan da yake yaɗa irinsu. A yau ana iya kai kashi ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin gadon da ke jikinsa, a san irin dabbar ba tare da an gan ta ba. Aibin wannan hanya shi ne, ruwan sama da iskar hunturu da garken shanu sukan shafe sawu kafin gari ya waye.

4.2 Zagayen Dare da Fitila

Akan zana layi mai tsawon da aka sani, a bi shi a hankali da fitila mai ƙarfi. Idon dabbar dare yana mai do da haske, sai a rubuta irinta da nisanta daga layin. Hanyar tana da kyau a fili a lokacin rani, amma a damina ciyawa takan rufe komai. Har ila yau, a dajin da matsalar ɓarayin shanu da masu satar mutane ta shafa, kamar yadda ta shafi Falgore, yawon dare da fitila kasada ce ga rayuwar ma'aikata.

4.3 Kyamarar Tarko

Wannan na'ura ce da ake ɗaurewa a gindin itace, wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan ta ji motsin jiki mai ɗumi. Ga ƙananan dabbobi ana ɗaure ta ƙasa-ƙasa, kamar tsayin gwiwa ko ƙasa da haka. Ma'aunin aiki shi ne kwanan kyamara: alal misali, kyamara 30 da suka kwana 30 a daji sun ba da kwanan kyamara 900. Idan ba a faɗi wannan adadi ba, yawan hotuna ba ya nuna komai, domin wanda ya daɗe yana jira dole ya fi wanda ya leƙa gani.

A nan akwai ƙa'idoji biyu da ya kamata a kiyaye. Ta farko, yawan hoto daban, yawan dabba daban. Tunku ɗaya mai rami kusa da kyamara zai iya fitowa sau hamsin. Ana iya warware wannan ga dabbobi masu zane, domin dabbaren kowace inyawara ya bambanta da na 'yar'uwarta, kamar yadda K. Ullas Karanth ya yi amfani da zanen jiki wajen ƙidaya damisar Indiya mai ratsi a 1995. Ta biyu, rashin ganin dabba ba shi ne rashinta ba. Don haka ne Darryl MacKenzie da abokan aikinsa suka fito da wani lissafi a 2002, wanda ke raba tambaya gida biyu: shin dabbar tana wurin, kuma in tana nan, mene ne yiwuwar a gan ta? Ana samun amsa ta hanyar maimaita dubawa a wuri guda sau da yawa. A unguwar masana'antu kuwa, ba a ɗaura kyamara sai da iznin mai wuri da sanin mai unguwa da masu gadi, saboda tana ɗaukar mutane kamar yadda take ɗaukar dabbobi.

4.4 Tambayar Mutane da Duba Kasuwa

Kyamara ba ta san jiya ba. Wanda ya san abin da ke bakin Challawa kafin a kafa masana'antu shi ne tsohon maharbi da masunci da manomin fadama da makiyayi. Ƙofar shiga wajen maharba ita ce Sarkin Baka ko Sarkin Dawa. A cikin gari kuma akwai masu gadin dare na kamfanoni, waɗanda suke farke a daidai lokacin da dabbobin ke fita. Sa'an nan akwai masu sayar da kayan maganin gargajiya a kasuwanni irin Kurmi, inda akan ga guntayen fatu da kawuna da wutsiyoyi. Fata shaida ce mai ƙarfi ta irin dabba, amma mai rauni ce ta fuskar wuri, domin Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, take karɓar kaya daga nesa. Fatar da aka gani a Kano tana iya kasancewa daga Damagaram ko Adamawa ta fito.

5.0 Matsalar Suna

A wannan hanya ta huɗu ne aikin masanin harshe yake shigowa, kuma matsalolin sun kasu kashi huɗu.

Kashi na farko shi ne suna ɗaya ga iri da yawa. Kalmar tunku tana iya ɗaukar babba mai farar wutsiya wanda ke fita da dare, da mai launin toka wanda ke farauta da rana, da siririn nan mai baƙin ƙarshen wutsiya, da na fadama, da masu ratsi a baya waɗanda ke yawo garke-garke. Idan takardar tambaya ta ce, "Akwai tunku a nan?" kowa zai ce akwai, ko da huɗu daga cikin biyar ɗin sun ɓace. Haka yanyawa: a ƙasar Kano tana nufin mai launin yashi da ke haƙa rami a jigawa, amma can arewa a bakin Sahara kalmar takan haɗa da wata ƙarama mai manyan kunnuwa. Haka dila, wanda ya ƙunshi mai ratsi a haƙarƙari da kuma wanda ba shi da ratsi.

Kashi na biyu shi ne suna da yawa ga iri ɗaya. Abin da wani ya kira kyanwa, wani mage zai ce, Basakkwace kuwa ya ce mussa. Unguwannin masana'antu sun tara ma'aikata daga kowace kusurwa, saboda haka mai bincike zai ji karin harshe iri-iri a titi guda. In bai lura ba sai jerin sunayensa ya fi jerin dabbobin tsawo.

Kashi na uku shi ne sunan da ke nuni ga hali. Muzuru a asali namijin kyanwa ne, amma mai kaji da ya wayi gari ya tarar da ɓarna yakan ɗora wa muzuru laifi, ko da inyawara ce ko tunku ya shiga akurkin. Shaidar irin wannan mutum tana tabbatar da ɓarna, ba ta tabbatar da mai ɓarnar.

Kashi na huɗu shi ne sunan da ya ruɗar da dangantaka. Duk da sunansa, tunkun juda ya fi kusa da inyawara bisa tunku, karen ruwa kuma ɗan'uwan dage ne, ba na kare ba. Kada a ɗauka wannan rauni ne na Hausa kaɗai. Su ma masana sunayensu na sauyawa: a 2015 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa dilan Afirka marar ratsi, wanda aka daɗe ana haɗa shi da na Asiya, iri ne mai zaman kansa, kuma ya fi kusa da kyarkecin ƙasashen arewa. Masana sun sake masa suna, Bahaushe kuwa yana nan a kan dilansa.

Maganin waɗannan matsaloli ba mai wuya ba ne, sai dai yana bukatar haƙuri. Mai tambaya kada ya fara ambatar suna. Ya bar mai ba da bayani ya siffanta dabbar: girmanta, da launin wutsiyarta, da lokacin fitarta, da ko ita kaɗai take yawo. Bayan haka ya nuna masa hotuna a cakuɗe, har da na dabbar da aka san babu ita a Afirka ta Yamma, domin a gane mai amsawa don kunya ko don faranta wa baƙo rai. Daga ƙarshe ya rubuta sunan yadda aka furta shi, da karin sauti da tsawon wasali, tare da garin da mai maganar ya tashi. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, don haka sunan dabba dage da aikatau dage kamanninsu ɗaya a takarda.

6.0 Darasi Daga Tarihin Jibda

Akwai misali guda da ke nuna yadda kalma kan wanzu bayan sana'arta ta ja baya. Jibda wani maiƙo ne mai ƙarfin ƙamshi da tunkun juda ke fitarwa daga wata jaka a ƙarƙashin wutsiyarsa, kuma ana danganta kalmar da zabad ta Larabci. Da Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, ya ziyarci Atiku, ɗan'uwan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi ma ya hau sarautar a 1837. Clapperton ya ba da labarin cewa Atiku yana kiwon waɗannan dabbobi har kimanin 200, kowace a kejinta na itace, ana ciyar da su da dawa da busasshen kifi, ana kuma kankare jibdar da ɓawon makankari. Wannan ya nuna cewa kamun dabbar da kiwonta sana'a ce ta manya a wancan zamani. A 1926 masanin haɗa sinadarai Leopold Ruzicka ya gano ƙirar sinadarin da ke ba jibda ƙamshinta, daga baya kamfanonin turare suka koma ga na haɗi. Ƙasar Habasha ce ta ci gaba da zama babbar cibiyar wannan kiwo. Duk wata kalma da ta shafi kama tunkun juda da ciyar da shi da ɗibar jibdarsa, wadda ta rage a bakin tsofaffin 'yan turare, abin rubutawa ce ga mai ƙamus, kuma shaida ce ga mai nazarin inda dabbar take a da.

7.0 Kammalawa

Doka ba ta yi shiru a kan namun daji ba. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, da yarjejeniyar duniya ta 1973 kan cinikin dabbobin da ke fuskantar barazana, da dokar soja mai lamba 11 ta 1985 wadda ta aiwatar da ita a Nijeriya. Amma doka sunan iri take ambata, ma'aikacin gandun daji da alƙali da maharbi kuwa da Hausa suke magana. Inda suna ya rikice, hukunci ma zai rikice. Bugu da ƙari, hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa tunkun juda da dage cikin waɗanda ba sa cikin haɗari a duniya baki ɗaya, amma wannan ba ya hana su ƙarewa a wani kogi ko wani daji ba tare da kowa ya lura ba. Ranar da suka ƙare, manomi ne zai fara gani a rumbunsa, domin su ne ke rage ɓera da gafiya.

Daga bayanan da suka gabata, shawarar da ta fito fili ita ce, duk ƙidayar da za a yi daga Falgore zuwa Bompai ta zama aikin haɗin gwiwa tsakanin sashen nazarin halittu da sashen nazarin harsunan Nijeriya, tare da maharba a matsayin malamai. Abin da za a samu biyu ne: taswirar inda kowace dabba take, da ƙaramin ƙamus mai hotuna wanda ya haɗa kowane suna da irinsa da yankin da ake faɗinsa. Wannan aiki ne da ya dace da ɗaliban digiri na biyu da na uku, kuma lokacin yinsa shi ne yanzu, tun tsofaffin da suka san bambancin tunkun dare da na rana suna da rai. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.